Buhu Tamanin da Takwas da Ba a Sace Ba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau da yawa nakan sayi kaye sabo, wato littafin rubutu, in rubuta layi biyu, in yage. Abin da ya fi hana ni shi ne maganar ta shafi wana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yana raye, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza. Bayan haka karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba in sake cutar da wani, don na taɓa yi. Na tambayi limamin unguwarmu ko faɗin wannan labari giba ne. Ya ce in ban kama suna ba, kuma gyara nake nufi, in rubuta. Bayan wata biyu na koma na sake tambayarsa, ya ce ai ya riga ya ba ni amsa. To ba zan kama sunan kowa ba.

Ina da ɗan kanti a Birnin Konni, kusa da tasha. Sukari nake sayarwa, da sabulu, da ganyen shayi, da madarar gwangwani, da ashana. Lissafin waɗannan kaya ba ya ba ni wahala. Katan ɗin sabulu in ya shigo da guda arba'in da takwas, arba'in da takwas zai fita, ko ya yi wata shida a kan kanta. Haka mushe, malaminmu, ya koya mana a lakwal, da bulalar roba a hannunsa: kuɗin saye daban, kuɗin da kaya suka tsaya maka bayan dako da sauran ɗawainiya daban, kuɗin sayarwa daban, riba kuma tana tsakanin na biyu da na uku. Yaron da ya cire kuɗin saye kaɗai ya kira sauran riba, a kan tebur ake kwantar da shi, mutum huɗu su riƙe. An kwantar da ni sau ɗaya, na yi kwana uku ina zama a gefe guda. Tun daga nan ba na manta kuɗin dako.

Wana direba ne. Ya yi shekaru yana jan wata tsohuwar mota tsakanin Konni da Dogarawa. Ba ya sata, ba ya ƙarya, yana riƙe da zumunci, amma hannunsa yana riga bakinsa. A tasha an san shi. Ya taɓa fasa wa wani kamasho baki a kan fasinja ɗaya, ya taɓa jan wani direba ta tagar mota ya fito da shi ƙasa. Shi bai shiga lakwal ba, shi ya sa yake kirana Mushe, rabi wasa rabi raini. Duk da haka kowace takarda ta zo masa wurina yake kawowa, abin da na ce kuma ya zauna.

Wata bazara, lokacin da ake cire albasa, ya zo kantina ya zauna a kan buhun sukari. Ya ce ya gaji da hanya. Mutanen da yake ɗauka da albasarsu a motarsa sun gina gidajen siminti, shi har yanzu kwancen injin yake yi a bakin titi. Yana so ya sayar da motar, ya sayi albasa yanzu da take araha, ya zuba a rudu, ya sayar bayan damina in ta yi tsada. Rudu wani ɗaki ne na kara da ciyawa da ake ɗorawa a kan duwatsu, iska tana ratsa shi, a ciki ake ajiye albasa. Ya ce in buga masa lissafi, in ya yi kyau zai shiga.

Kwana uku na yi a kan wannan lissafi. Buhu ɗari biyu a kan jikka tara, wato sefa dubu tara, ya kama jikka dubu ɗaya da ɗari takwas. Sai na jera ɗawainiya: hayar rudu huɗu, albashin mai gadi na wata biyar, amalanken jaki daga gona zuwa rudu, buhunan wofi, igiya, masu ɗinki, ƴan dako, la'adar dillali, harajin kasuwa, har shayi da goro. Ina tsakiyar cin tuwo na tuna ban sa kuɗin basilla ba, na wanke hannu na je na ƙara. Duka ɗawainiya ta kama jikka ɗari huɗu. Albasar za ta tsaya masa jikka dubu biyu da ɗari biyu ke nan. Na tambayi mutum uku nawa aka sayar da buhu bayan daminar bara. Ɗaya ya ce ashirin, ɗaya ashirin da biyu, ɗaya ashirin da biyar. Na ɗauki mafi ƙanƙanta don kada in yaudari ɗan'uwana. Ɗari biyu sau ashirin, jikka dubu huɗu. Riba dubu ɗaya da ɗari takwas. Cikin kowace jikka goma da za ta shigo hannunsa, huɗu da rabi tasa ce. Na buga da hannu, na buga da waya, na sake bugawa da hannu, duk daidai.

Ban tambayi kowa buhu nawa ke fita daga rudu in an zuba ɗari biyu ba. Ban ma san akwai wannan tambaya ba. Na rubuta ɗari biyu a wajen shiga, na rubuta ɗari biyu a wajen fita, kamar sabulu.

Wana ya yage shafin daga kayena, ya ninke, ya sa a aljihun gaba tare da takardar tuƙinsa. Cikin mako ya sayar da motar, ya sayi tsohon moto, wato babur. Abu ɗaya ya riƙe daga motar, ƙarfen cire taya, ya ɗaure shi a ƙarƙashin kujerar moton saboda hanya.

Ya bi gonaki wajen Tsarnawa da Galmi yana saye a hannun manoma, a cikin buhunansu da ake ɗinke baki a shafe. Rudun da ya kama suna bayan wani ƙauye kusa da Galmi. Mai rudun ne ya haɗa shi da mai gadi, wani mutumin wajen Illela, tamu ta nan ƙasar, ba ta tsallaken iyaka ba. Siriri ne, zai yi shekara hamsin, ba ya yawan magana, yana da ƴar rediyo da yake ratayewa a ƙofar bukkarsa. Ya daɗe a aikin rudu. Yakan ɗauki albasa ya danna wuyanta da babban yatsa, ya san ko za ta kai kaka ko ba za ta kai ba. Ranar da aka gama zubawa, hamsin hamsin a kowane rudu, ya dafa mana shayi. Yana miƙa wa wana kofi ya ce:

"Maigida, albasa rai gare ta. Abin da ka zuba ba shi za ka kwasa ba."

Wana ya buga aljihunsa ya ce Mushe ya riga ya buga, ba sai an koya masa ba. Ya yi dariya, ni ma na yi. A kan hanyarmu ta komawa, ina bayansa a moto, ya waiwayo ya ce ko na ji mutumin, tun yanzu yana share wa kansa hanya. Na ce mu dai sa ido.

Damina ta yi ruwa sosai a shekarar. Mai gadin yakan kira wana ya ce akwai buƙatar tsince ruɓaɓɓu kada su kama masu lafiya, wana ya ce ya yi aikinsa, abin da ake biyansa ke nan. Wana bai taɓa zuwa ya tsaya a kan tsincewar ba, yana can yana kabu-kabu, ɗaukar fasinja a moton, don cefanen gida. Sai magana ta fara iso masa a tasha cewa ana ganin mai gadinsa da safe yana fita da amalanke a rufe da tabarma. Ya zo ya gaya mini, idonsa ja. Na ce ya bari sai ranar ƙirga.

A cikin daminar nan ne na lura da kwandon albasar matata. Na san cike na kawo shi, ba ta yi amfani da rabi ba, amma ya faɗa, wasu sun motse, wasu sun tsira, biyu sun zama ruwa. Na tambaye ta, ta dube ni ta ce wannan ai ko yarinyar da ta fara shiga madafa ta sani. Na koma kanti na buɗe kayena inda na kwafe lissafin, na ga ɗari biyu sama, ɗari biyu ƙasa. Nan na gane kuskurena. Na yi niyyar gaya wa wana, har na je tasha sau biyu. Na farko na iske shi yana riƙe da wuyan rigar wani a kan canji, na juyo. Na biyu na gaishe shi, na ce wucewa nake yi. Na rarrashi kaina cewa abin ba zai wuce buhu biyar ko goma ba, ribar za ta shanye.

Bayan damina wani tsohon dillali ya samo mai saye, mai kamyo, wato babbar motar kaya, daga ƙasashen bakin teku. Da safe aka yi ciniki a kan jikka ashirin, daidai da takardata, wana ya dube ni yana murmushi. Tsohon ya bar mana masu ɗinki da ƴan dako, ya hau bayan moto ya tafi wani rudu. Aka ba ni kaye in riƙa jan layi ga kowane buhu.

Buhunan mai kamyo manya ne. In an cika har baki ba a ɗinkewa, sai a ƙara tsibi a sama, a rufa da ƙyallen buhu a ɗinke, ya tsaya kamar mutum da hula. Hula ɗin ma ake kiransa. Wana ya ce wannan cuta ce, shi ba haka ya saya ba. Babban mai ɗinki ya ce haka ake sayarwa tun kafin a haife su, buhu ba hula sai dai a kai wa mai tuwon tasha. Ƴan dako suka yi dariya, ɗaya ya ce direba ya saba cika mota har saman rufi, yau an cika masa buhu yana kuka. Wana ya haɗiye, amma na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Rudun farko ya ba da ashirin da tara. Na biyu ashirin da bakwai. Na uku talatin, na huɗu ashirin da shida. Ana gab da azahar aka share ƙasan rudun ƙarshe. Wana ya tambaye ni nawa, na ce ɗari da goma sha biyu. Ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi da gumi, ya buɗe ta ko da yake ba ya karatu. Ya kira mai gadin.

"Ina tamanin da takwas?"

Mutumin ya fara bayani a natse. Ya ce wasu sun bushe, wasu sun ruɓe ya zubar, ramin yana nan bayan gona in ana so a gani, sauran kuma hula ce ta cinye. Bai rufe baki ba wana ya kwaɗa masa mari, ya faɗi a kan buhunan wofi. Ya tashi yana riƙe da kunne, ya sake cewa a zo a ga ramin. Wana ya ce ramin da ya kai kasuwa da amalanke kowace safiya. Ya tafi wurin moto ya kwance ƙarfen cire taya, yana tafe yana cewa ɓarawo, ɓarawo.

Wannan kalma ita ta tara mutane. Ƴan dakon da suke dariya ɗazu suka zubar da buhu suka taso, su wajen takwas, samari kuma suka sheƙo daga bakin hanya, ba wanda ya tambayi abin da aka sata. Suka kama shi suka ɗaure hannunsa na hagu da ƙugunsa a jikin ƙafar amalanke, da igiyar ɗinkin buhu. Wasu suka zare itace daga jikin rudu. Na ga sanda tana sauka a bayansa, rigarsa ta tsage, fata ta buɗe. Wani ya take masa ƙafa da takalmi. Wani ya kwashi ruɓaɓɓiyar albasa ya cusa masa a baki, ya ce ya ci tunda ita yake so. Wana yana tsaye a kansa yana tambaya wa ya sayar wa, a wace kasuwa, ina kuɗin. Duk tambaya ɗaya sai ƙarfe ya sauka. Mutumin ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, ƙarfen ya samu hannun. Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara, yatsunsa suka juya baya.

Wasu samari suka shiga bukkarsa neman kuɗi, suka watso tabarma da tukunya da buhun gero waje. Ba su sami komai ba sai suka ƙyasta mata ashana. Ciyawar ta bushe, nan take wuta ta tashi, hayaƙi ya rufe mu. Na ji wani yana cewa a kawo taya da mai.

Ina tsaye ba nisa, kaye a hannu. Mai gadin ya juyo da kansa, jini yana bin gemunsa, ya same ni da ido.

"Malam, kai ka yi karatu. Hwaɗa musu."

Sanduna suka ɗan tsaya. Wana ya juyo, ƙarfe a hannu, yana haki.

"Mushe, takarda mi ta ce?"

Na san abin da ya kamata in ce. Kalmomin suna bakina: Yaya, takardar ce ba daidai ba, ni na yi kuskure. Na dubi ƙarfen, akwai jini da gashi a bakinsa. Na dubi mutanen da suka kewaye mu, duk idonsu a kaina. Na ce ɗari biyu. Wana ya ce in ɗaga murya kowa ya ji. Na ɗaga murya na ce ɗari biyu.

Suka koma masa. Wani ya ɗauko dutse daga waɗanda rudu ke zaune a kai, ya jefa daga kusa, ya same shi a idon hagu. Daga nan bai sake magana ba, kansa ya rataya, jikinsa kawai ke motsi in sanda ta sauka. Wani yaro ya iso da tsohuwar taya yana gangaro ta.

Hayaƙin ne ya dawo da tsohon dillali, ya zaci albasar ce ta kama. Ya sauko daga moto tun bai tsaya ba, ya ratsa mutane, sanda ɗaya ta same shi a kafaɗa, bai kula ba. Ya zauna a ƙasa ya rufe mai gadin da jikinsa da babbar rigarsa, ya ce wanda zai ƙara bugu ya fara da shi. Ya riƙa kiran ƴan dakon ɗaya bayan ɗaya da sunan ubanninsu. Ya ce wane cikinsu ne bai taɓa kwasar rudu ba, wane ne bai san abin da damina ke yi wa albasa ba, ba da hannunsu suka ɗora hular ba ɗazu. Suka fara zubar da sanduna, wasu suka sulale ta bayan gona.

Ya sa aka kwance mutumin. Sannan ya kama hannun rigar wana ya ja shi kamar yaro, ni ina biye, har bakin ramin. Tun kafin mu isa wari ya tare mu. Rami ne babba, cike da baƙar albasa da ta narke, ƙudaje sun rufe, ga sawun amalanke ya yi hanya zuwa gare shi. Tsohon ya tsuguna ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce a damina mai ruwa irin wannan, cikin buhu goma uku sun tafi, tsakanin bushewa da ruɓa, ɗari biyu ta koma ɗari da arba'in. Buhu huɗu masu hula kuma suna cin buhun manoma biyar, ɗari da arba'in ta koma ɗari da goma sha biyu. Ya jefar da tsinken.

"Ko ƙwaya guda bai ci muku ba. Da wani na, ko ɗari ba ku gani. Wa ya yi maka wanga lissahi, ɗana?"

Wana ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

Wani ya kira jandarma. Suka tafi da wana da ƴan dako biyu. Aka ɗora mai gadin a amalanken da aka ɗaure shi a jiki, aka kai shi asibiti, ina tafe a gefe ina riƙe da kansa don kada ya bugi katako. Likita ya ce idon ya tafi. Hannun an ɗaure shi, amma yatsu biyu ba za su sake miƙewa ba. Na yi kwana uku ina zuwa ina zama a bakin gadonsa. Bai zage ni ba, bai kuma yi mini magana ba, sai sau ɗaya da ya tambaya ko rediyonsa ta fita daga wutar. Na ce ba ta fita ba.

Tsohon dillali ne ya ƙarasa cinikin. Ɗari da goma sha biyu sau ashirin, jikka dubu biyu da ɗari biyu da arba'in. A cire dubu biyu da ɗari biyu, saura arba'in. Ribar wata biyar ke nan, da mota da aka sayar. Inda na rubuta jikka huɗu da rabi cikin kowace goma, abin da ya fito bai kai sefa ɗari biyu ba. Kuɗin asibiti da na sulhun da dattawa suka yanke suka cinye wannan, suka shiga uwar kuɗi sosai. Ta hannun tsohon aka biya mai gadin albashinsa da abin da aka yanke masa. Da na koma asibiti rana ta huɗu aka ce wani ɗan'uwansa ya zo ya tafi da shi.

Da aka saki wana bayan wasu makonni, bai je gida ba, kantina ya fara zuwa. Na tashi na ce masa laifina ne, kuma tun tsakiyar damina na gane, tsoro ya hana ni faɗa. Da ban faɗi na biyun ba wataƙila da ya tsaya a zagi. Ya tsallako kanta, ya shaƙe ni, ya buga fuskata a kan ma'aunin ƙarfe sau biyu. Haƙorana biyu na gaba suka karye, na ji su a kan harshena. Ya jawo kantar gaba ɗaya ta kife, gwangwanaye suka gangara har titi, buhun sukari ya fashe, jinina yana ɗiga a kai. Ya ɗaga ma'aunin sama da hannu biyu, masu shayin tasha suka rungume shi ta baya, mutum huɗu. Suna jansa yana cewa ni na sa masa ƙarfe a hannu. Ban ɗaga hannu ba, ban kai ƙara ba. Har yau ina juya maganar tasa. Ba ni na ɗauko ƙarfen ba, amma lokacin da aka tsaya aka jira bakina, na san abin da na ce.

Yanzu shekara shida ke nan. Wana yana jan motar wani. Muna gaisawa. Mutane har yanzu sukan kawo mini lissafin sana'a, yawanci ina cewa su kai wa wani. In na karɓa, kafin in taɓa bik in fara rubutu sai na tambaya ko kayan suna raguwa in sun zauna, ko ma'aunin saye shi ne ma'aunin sayarwa, sannan in aika mutum wurin wanda ya tsufa a sana'ar ya ji daga bakinsa. Wata mai kifi ta ce tambayoyina sun fi na duwan masu binciken kaya a kan iyaka yawa, ta ɗauke kayenta ta tafi.

Na zaci maganar mai gadin ta ƙare a kan ido da hannu, wannan ma ya isa. Sai bara wani mai sayen sukari daga wajen Illela ya tsaya hira a kantina, ya ba da labari yana dariya, na wani ɓarawon albasa da aka kama kusa da Galmi ya sace buhu ɗari, aka fasa masa ido. Ya ce tun daga nan ba mai ba shi gadin rudu, yara suna yi masa waƙa, an fasa neman ɗiyarsa, har ya bar garinsu. Na ce masa mutumin bai saci komai ba, ni ina wurin. Ya ce to shi dai haka ya ji. Na tambaye shi sunan garin, ya ce a mota wani ya ba shi labarin.

Tsohon dillalin ya rasu. Mai rudun ya ce shi da laƙabi kawai ya san mutumin, bai taɓa tambayar garinsu ba. Na je kasuwar Illela sau biyu ina tambaya, sai na lura duk wanda na kwatanta masa cewa yake, a'a, ɓarawon albasar nan, ya juya ya ba na kusa da shi labari. Na ga ƙara baza abin nake yi, na daina.

Abin da nake so shi ne in je garinsu, ko inda yake zaune yanzu, in tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, in faɗa da ƙarfi cewa buhu tamanin da takwas ɗin nan ba wanda ya sace su, ni na rubuta su a takarda alhali babu su. Don haka nake roƙon mai karatu, musamman mutanen Illela da Malbaza da masu aikin albasa. Mutumin yanzu zai kusa sittin, siriri, idon hagu ba ya gani, yatsu biyu na hannun dama a lanƙwashe, ya yi gadin rudu shekaru a wajen Galmi. Wanda ya san inda yake, ko inda ƴaƴansa suke in ya riga mu gidan gaskiya, ya bar saƙo wurin masu shayin tashar Konni, a ce na mai kanti ne mai karyayyun haƙora. Kuma don Allah a fara tambayarsa ko ya yarda in zo. In ya ce ba ya son ganina, a gaya mini sunan garin kawai, zan je ranar da ba ya nan.